Mako Ashirin a Kalandar Mahauci

"Ashirin," in ji Doña Lala, ta danna yatsa a kan kalanda kamar mai murƙushe kyankyaso. "Talatin ga Nuwamba."

Ta juya wajen ɗanta a kicin ɗin.

"Kai kuma yaushe ka dawo daga Kanada, ɗana?"

"Mama..."

"Tambayarka na yi, Efraín."

"Ranar Guadalupe."

"Sha biyu ga Disamba ke nan." Ta ɗago kai ta dubi matar ɗanta. "Ni a aji uku na bar makaranta, Araceli. Amma ko a aji ukun an koya mana cewa Nuwamba yana riga Disamba zuwa."

Araceli tana tsaye jikin firji, hannu ɗaya a kan cikinta, ɗayan riƙe da ledar balan-balan da ba a hura ba, rabi shuɗi rabi ruwan hoda. Takardar hoton cikin tana kan tebur, tsakanin kwanon gishiri da kalandu biyu na shagon mahauci, ta bana da ta bara. A ƙasan hoton an buga: mako ashirin.

Kwana goma sha biyu. Cikin nata ya riga mijinta isowa gida da kwana goma sha biyu.

"Ba zai yiwu ba!" Araceli ta juya wajen mijinta. "Tsohona, ka san ba zai yiwu ba... Ka dube ni mana!"

Efraín ya dube ta. Sannan ya dubi kalanda.

Wannan kallon na biyu shi ne ya fi zafi.

Da safiyar ranar, Asabar, da murna ta shiga ɗakin likitan da ke zuwa garin daga Apizaco sau ɗaya a mako. Abu biyu ta je nema, kamar kowace mai ciki a nan: a ce mata mace ko namiji, a kuma ba ta hoto ta liƙa a firji. Norma, ƙanwar Efraín, har ta sayi fulawar kek, tana jiran a gaya mata kalar da za ta zuba a ciki. Likitan ya shafa mata man nan mai sanyi, ya yi ta zagaya na'ura yana maganar zuciya, da ƙashin baya, da leɓe, da faɗin kai. Ita kuwa ko ɗaya bai zauna mata ba.

"Likita, me ne ne? Mace ko namiji?"

"Ya harɗe ƙafa, ba na gani. Ba ma shi ne dalilin wannan hoton ba, uwargida. Lafiyarsa muke dubawa."

Ta fito jiki a sanyaye. A teburin karɓar mutane ta tarar da surukarta tana hira da Yadira, 'yar aminiyar Doña Lala, wadda tun tana da kitso biyu aka gama aurar da ita ga Efraín a baki. Sai dai Efraín ya je Veracruz ɗaurin auren wani aboki, ya tsaya shan ruwan abarba a tashar mota, motarsa ta tafi ta bar shi. Ta biyu ma ta tafi, yana kallo. Bayan wata takwas ya dawo gida da mai sayar da ruwan abarbar, Araceli ke nan, gajeruwa, baƙa, mai dariyar da ake ji tun daga bakin coci.

Yadira ce ta miƙa takardar. Ba Araceli ta ba ba, Doña Lala ta ba.

"Mako ashirin cif! Kai, lokaci na gudu... Ni da nake ganin kamar jiya Efraín ya sauko daga mota ranar Guadalupe."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Ba ta ma buƙata.

Har daren jiya, Araceli "'yata" ce a bakin Doña Lala. Daga wannan Asabar ɗin ta koma Araceli, da duk harufan sunan a jere.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta zauna a gefen gado ta tambayi wayarta. Amsar ta zo nan take, ta karanta sau huɗu, ta sauko da gudu har tana tuntuɓe.

"Mama! Efraín! Ku ji... Likitoci ba daga ranar da ciki ya shiga suke ƙirgawa ba. Daga ranar da mace ta ga jininta na ƙarshe ne. Wajen mako biyu kafin a samu cikin!"

Doña Lala ta ci gaba da tsince wake.

"Wato ciki yana da mako biyu tun ba a yi shi ba."

"Haka suke ƙirgawa..."

"Ni ma ina da jikoki goma da ba a haifa ba, ki sa wayar ta gaya mini sunayensu. Wayar da ta ce wa Norma ta sa albasa a safa don tari?"

Gaskiya ce, amma kamannin ƙarya gare ta, irin wadda mutum yake ƙirƙira da gumi a goshi. Araceli da kanta ta ji yadda ta fito.

"To mu je asibitin gari a tambayi nas."

"Nas Maura? Kafin mu dawo gida labarin ya riga mu zuwa injin niƙa. Abin kunyata ba zai fita ƙofar nan ba. Na tambayi Yadira, ita da take aiki da na'urar."

"Me ta ce?"

"Ta ce ita dai abin da ta sani, na'ura ba ta ƙarya."

Likita sai Asabar. Motar da za ta kwashi mazan gari zuwa filin jirgi kuwa Juma'a za ta tashi, da hantsi. Wata takwas Efraín zai yi a gonar tumatir ɗin Turawa, da wannan lissafin a kansa. Ita kuma za ta haihu a nan, a gidan nan, ƙarƙashin idon nan.

Ta yi tunanin tafiya wurin mahaifiyarta a Veracruz. Amma in ta ɗauki jaka, ta amsa laifi ke nan. In ta zauna, tana zaune ne a matsayin wadda aka yi wa alfarma. Tagogin gidan duk da ƙarfe a jikinsu, Efraín ne ya sa aka yi su shekarar da ya fara tafiya, don ɓarayi. Sai yanzu ta lura daga ciki ma ba a fita.

Doña Lala ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Raka ta take yi. Sayen tortiya, gurasar masara, tare. Shanya a rufin gida, tare. A hanya kuma sai tambayoyi, a hankali, kamar hirar duniya.

"Wa ya kawo tukunyar gas a Nuwamba?"

"Don Hilario, Mama. Shekararsa saba'in, haƙoransa uku."

"Na tambaya ne kawai."

Efraín kuwa ya yi abin da mu mazan garin nan muka gada idan magana ta fi ƙarfinmu: ya nemo abin da bai lalace ba ya hau gyara. Litinin ya kwance famfo. Talata ya hau rufi ya zauna wa tankin ruwa. A can ta same shi da rana tsaka, tsakanin rodunan ɗakin saman da ya yi mata alkawari shekara uku ke nan, waɗanda har yau suke tsaye da kwalabe a kai.

"Me ya sami tankin?"

"Yana... yana wata ƙara."

"Ruwa ne a ciki, tsohona. Ƙarar ruwa ce."

Ya juya sifana a hannu.

"Ban ce komai ba, gajeriyata."

"Shi ne ai. Ba ka ce komai ba."

"Me kike so in ce?"

"Ka ce ka san ni! Wata takwas ina kwana da wayar nan a kunne, ina jin minsharinka daga wata ƙasa don kar ka ji kaɗaici. Ranar da ka dawo ko takalmi ban tsaya sawa ba, da ƙafa na je dandali, uwarka tana bina da mayafi... Ka manta?"

"Ban manta ba."

"To?"

"Na yarda da ke." Ya ajiye sifanar. "Sai dai in na rufe ido, lambar ce take zuwa. A can akwai wani daga Huamantla, shekara biyu yana nuna mana hoton ɗa, daga baya... Ba ke nake zargi ba, rabin raina. Kaina ne ya ƙi daina ƙirge."

"Ka ƙirga?"

Ya maida ido kan tankin.

"Sau nawa?"

"Cheli..." in ji shi, sunan da yake kiranta da shi in yana lallashi.

Ta sauka ba ta waiwaya ba. A matakala ta uku abin da ke cikinta ya yi motsi, ƙaramin shuri kamar kifi. Ta tsaya ta dafa bango.

"Kai ma da ka buɗe ƙafar nan, da yanzu kek muke ci," ta ce masa, hawaye na zuba.

Laraba Yadira ta zo da uwarta, da kwalbar barkono a tsami, wai don Efraín ya tafi da shi, tunda abincin Turawa ba ɗanɗano. Ta sumbaci Araceli a kunci, ta shafa mata ciki.

"Ya girma kuwa! Kamar ya fi watanninsa..."

Araceli ta yi murmushi ta kawo musu kofi. Ba ta zuba gishiri a ciki ba. Ta dai dubi kwanon na ɗan lokaci.

Alhamis ake cin abincin sallama. Tun safe tukunyar miyar mole take tafasa, gidan duk ya ɗauki ƙamshin barkono da cakulan. Doña Lala ta ce mai ɓacin rai ba ta taɓa tukunya, miya tsinkewa take, don haka aka tura Araceli goge teburin Budurwa Maryamu da ke falo, inda kyandirori suke da hotunan matattu da na rayayyu.

Tana ɗaga hoton bikin baftismar Ximena, 'yar Norma, sai wata 'yar takarda ta zamo daga bayan gilashin. Baƙi da fari, ta fara koɗewa. Hoton cikin Norma ne na shekara huɗu da suka wuce, da kwanan wata a sama, da makonni a ƙasa.

Ta daɗe tana kallonsa.

Doña Lala ba ta zubar da kalanda. Kowace da hoton waliyyi a jiki, kuma ba a jefa waliyyi a shara. Suna nan a ƙasan teburin, ɗaure da igiya, shekara goma sha ɗaya. A kowace, ranar da mazan gida suka dawo an zagaye ta da jan biro.

Araceli ta je kicin ta ɗebi wake cikin tafin hannu.

"Me za ki yi da shi?"

"Addu'a, Mama."

Da ƙarfe biyu aka zauna. Doña Lala a kai, Norma da mijinta Rigoberto, wanda mota ɗaya suke shiga da Efraín kowace shekara, sai Yadira da uwarta, da aka gayyata ba tare da an tambayi kowa ba. Araceli ta shigo da kalandu biyu a hammata. Kafin ta ajiye, Efraín ya miƙe tsaye, har ya ture cokali.

"Mama, ina da magana."

"Ci abincinka tukuna."

"A'a. Yanzu." Kunnuwansa sun yi ja. "Na ƙirga makonnin nan sau arba'in da wani abu. A rufi, a banɗaki, har a coci, Allah Ya yafe mini. Ko sau ɗaya bai fita ba. To na gaji. Ban fahimci na'ura ba, ban fahimci waya ba, lissafi ma kun san sau biyu na maimaita aji. Matata kaɗai na fahimta. Cikin nan nawa ne. Wanda ya sake taɓa kalanda a gidan nan, gobe ba zan shiga motar ba, in ɗauke ta mu tafi Veracruz in sayar da ruwan abarba!"

"Efraín!"

"Na gama."

Ya zauna, ya ga babu cokali, ya rasa inda zai sa hannu.

Araceli ta tsaya da kalandu a hammata. Kwana biyar take jiran wannan. Da ya faɗe shi ranar Asabar, da ba ta rame ba. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Na ji, tsohona," ta ce a hankali. "Amma ni zan taɓa kalanda sau ɗaya. Na ɓata safiya guda a kai, ba zan yi asara ba."

Ta ture kwanon tortiya gefe, ta shimfiɗa su, ta ajiye ƙaramin hoton a tsakiya.

"Norma, kin gane wannan?"

"Ximenata ce! Ina kika samo?"

"Mako ashirin da ɗaya, in ji na'ura. Mama, ke kika iya, ki ƙirga mana. Ƙwayar wake ɗaya, mako ɗaya."

Doña Lala ba ta son a ce ta ji tsoro a gaban baƙi. Ta ɗauki waken. Ɗaya, biyu... Afrilu ya wuce, Maris, Fabrairu. Aka koma tsohuwar kalanda. Yatsan ya zo kan jan da'irar ranar da Rigoberto ya dawo, da sauran wake biyu a hannunta.

Ta ajiye na ashirin.

Ta riƙe na ƙarshe ba ta ajiye ba.

Rigoberto ya daina tauna.

"Mama!" Norma ta zabura. "Kar ma ki fara! Dubi kunnuwan yarinyar nan a hoto! Duk jihar Tlaxcala wa ke da kunne kamar hannun tukunya in ba wannan ba?"

"Gaskiya ne," in ji Rigoberto, yana shafa kunnensa, karo na farko a rayuwarsa da ya yi alfahari da shi.

"Ko dai ni da Norma mun haɗa baki," in ji Araceli, "mu da duk matan garin nan da mazansu ke dawowa a Disamba, muna jira sai saura mako biyu sannan mu lalace... ko kuma haka na'urar take ƙirgawa. Talatin ga Nuwamba na ga jinina, Mama. Asabar. Wa ya dafa mini shayin kirfa don ciwon mara, ya ce kar in wanke kai da ruwan sanyi?"

Doña Lala ta dubi ƙwayar waken da ke hannunta. Sannan ta juya, a hankali, kamar ƙofar coci.

"Yadira."

"Na'am, Doña Lala..."

"Daga ina ake ƙirgawa?"

Yadira ta gyara zaman cokalinta.

"Daga... jinin ƙarshe. Ai kowa ya sani."

"Kowa."

"Ni ban ce ba haka ba ne! Cewa na yi na'ura ba ta ƙarya."

"Ba ta yi ba kuwa." Doña Lala ta miƙa hannu kan kanta, ta ɗauko kwalbar barkonon, ta dire a gaban uwar Yadira. "Ki tafi da abinki, aminiya. Ɗana ba ya son tsami."

Ƙofa ta rufe a bayansu. Doña Lala ba ta taɓa ba wa kowa haƙuri ba, har marigayi mijinta ya tafi yana jira. Ta tsoma ludayi, ta laluba, ta ciro cinyar kazar da ta ɓoye wa ɗanta, ta sa a farantin Araceli. Ta ƙara miya a kai har ta malala.

"Ci, 'yata. Kin rame."

Muryarta ta ɗan karye a kan kalmar "'yata". Kowa ya yi kamar bai ji ba.

Juma'a da hantsi dandali ya cika da jakunkuna da mata. Direba yana ta danna ƙaho. Efraín ya tsaya a gabanta, hula a hannu.

"Kin yafe mini?"

"Sau arba'in da wani abu, Efraín."

"Arba'in da uku."

"Har a coci!"

"Sau ɗaya ne a coci..."

Ta so ta riƙe fushin, dariyar ta ƙwace, irin wadda ake ji tun daga bakin coci, da hawaye a cikinta. Ya jawo ta jikinsa, cikin ya tokare tsakaninsu.

"Da ka tsaya sai na zuba waken kafin ka yi magana," ta ce a ƙirjinsa, "da yau ni ma mota zan shiga. Wata daban."

"Na sani, gajeriyata."

Ya durƙusa a gaban mutane ya ɗora tafinsa a kan cikin.

"Ban ma tambaye ki ba. Ban da makonnin, me likitan ya ce?"

Ta shiga lalube a ranta. Duk satin nan ba wanda ya tambaya, har ita. Maganganun da ta bari suka wuce ta ranar Asabar suka riƙa dawowa ɗaya ɗaya.

"Ya ce leɓensa lafiya. Ƙashin baya a miƙe. Kai daidai... Zuciya kuma ya nuna mini tana bugawa, ya ce ɗakunanta huɗu, duk sun cika."

"Ɗaki huɗu?" Ya ɗago ido, sun yi ja. "Ya fi ubansa. Shekara uku na kasa gama ɗaya."

"Mace ce ko namiji, har yanzu ban sani ba."

"Bar shi ya harɗe ƙafarsa. A gidan nan shi kaɗai ya iya riƙe sirri." Ya kai bakinsa kusa da cikin. "Kai, mai ɗaki huɗu. A ajiye wa Baba ɗaya. Ko na bayan gida ne."

Ƙaho ya sake tashi. Rigoberto ya leƙo da kunnuwansa ta taga yana kiran sunansa.

Araceli ta gyara masa kwalar riga, ta tura shi wajen ƙofar motar.

"Za mu duba, tsohona. Ka fara gama nawa na sama tukuna."

Motar ta zagaya dandali ta bi hanyar Apizaco. Doña Lala ta matso ta tsaya kusa da ita, ta ciro jan biro daga aljihun riga, ta juya shi sau biyu, ta miƙa mata.

"Bana ke za ki zagaye ranar."